Marubuta, Ku Bar Ɗan Riƙo A Gidan Da Ya Tashi!

Yau da marubutanmu nake, kuma na san wasu za su ji haushi, to sai dai su yi haƙuri, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wani labari guda ɗaya tak da ake ta sake rubuta mana shi, sunan taurarin kawai ake canzawa. Yarinya ce ta tashi a hannun wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, ko yaro a gidan wani malami talaka a bayan gari. Shekara goma sha takwas tsohuwar nan tana fama, ita ce goyo, ita ce jinyar ƙyanda, ita ce sayar da akuyarta don a biya kuɗin jarrabawa. Sai an zo littafi na uku, saura shafi goma a gama, kwatsam wani Alhaji ya faka mota a ƙofar gida, a duba wani tabo a bayan kunne ko wata sarƙa da aka tsinci jaririyar da ita, a ce ai 'yarsa ce da aka sace ran suna. Sai a rungume juna a yi ta kuka, a kwashi yarinya sai unguwar masu kuɗi. Ita kuwa tsohuwa a biya mata kujerar Makka, a sauke mata buhun shinkafa, shi ke nan an sallame ta daga labari kamar 'yar aikin da kwantiraginta ya ƙare. Kuma marubucin yana nufin mu yi murna, wai yarinya ta koma wurin "iyayenta na gaskiya".

To wai shin tsohuwar nan ta ƙarya ce? Shekara goma sha takwas ɗin wasan kwaikwayo take yi?

Ɗaya fuskar labarin ma ta fi muni. Idan ba a yi mai riƙo talaka abin tausayi ba, to za a yi ta muguwa. Matar uba kullum da bulala da tsafi, mijin uwa kullum yana harara, agola kullum a zaure yake kwana, gwaggon da ta karɓi riƙo kullum talla take ɗora wa yarinya. Ba na musun ana yin haka a gari, ana yi, kuma zan zo kansa. Amma idan mai karatu ya sha littafi hamsin bai taɓa cin karo da matar uba ta kirki ko ɗaya ba, to an koya masa wani darasi ba tare da ya sani ba: duk wanda bai haife ka ba maƙiyinka ne, ko kuma mai gadinka ne na ɗan lokaci. Yarinyar da ke karanta wannan a ɗakin matar ubanta, wace irin kallo kuke so ta yi wa matar gobe da safe?

Kowa ya san inda muka samo wannan salo, finafinan Indiya ne da muka tashi muna kallo a silima. Amma ko su Indiyawan ba su yi rashin adalcin da muke yi ba. Ku tuna fim ɗin Amar Akbar Anthony na 1977, wanda Manmohan Desai ya shirya. 'Yan'uwa uku ciki ɗaya suka rabu tun suna yara, ɗan sanda Hindu ya ɗauki ɗaya, tela Musulmi ya ɗauki ɗaya, limamin coci ya ɗauki na ukun. Da suka gane juna a ƙarshe, kowa ya ci gaba da amsa sunan da ya tashi da shi, da addinin gidan da ya girma. Sunan fim ɗin ma kansa shaida ne. Mu kuwa mun kwaso tabon bayan kunne da kukan haɗuwa, mun bar wannan a can.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, Bahaushe ne ke rubuta wannan, mutumin da al'adarsa cike take da dangin da ba na jini ba. Mu ne fa masu kunyar ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, da an yaye shi sai gidan kaka ko gwaggo, can zai tashi, can za a yi masa aure. Mu ne masu tallafi, a ga matar da Allah bai ba haihuwa ba a ɗauki ɗa a ba ta, ya zama nata har mutuwa. Baba ta Karo, wadda Baturiya Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta rayu tana da 'ya'yan da ta riƙa, kuma ba wanda ya kalle ta a matsayin wadda ba ta da kowa. A tarihin nata za ka ga yadda mata ke ƙulla ƙawance da biki da musayar kaya, da yadda babba ke ɗaukar ƙanwar rana, zumuncin da ke da haƙƙoƙi sanannu kamar na ciki ɗaya. Ga uwar ɗaki, ga ubangida, ga malamin da almajirinsa ke tashi a gabansa har ya aurar masa da 'yarsa. Ga wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da Kanawa da Zazzagawa, wanda ke sa baƙon da ba ka taɓa gani ba ya zama taubashinka a cikin minti ɗaya. A Jamhuriyar Nijar har UNESCO ta sa wannan wasa cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, a 2014. Duk wannan arziki yana gabanmu, amma marubuci ya rasa abin da zai warware labarinsa da shi sai gwajin jini.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta. Za a ce ai addini ne ya hana mayar da ɗan wani naka. To mu tsaya a nan sosai, domin nan ne ake cakuɗa abu biyu.

Zaidu ɗan Harisa an sace shi yana yaro aka sayar da shi bawa, ya faɗo hannun Nana Khadija, ita kuma ta ba Manzon Allah (SAW) shi. Bayan shekaru mahaifinsa da baffansa suka ji labarin inda yake, suka zo Makka da kuɗin fansa. Wato daidai wurin da marubucinmu zai sa a rungume a tafi gida ke nan. Sai aka ba Zaidu zaɓi, ya bi mahaifinsa ba tare da an biya ko sisi ba, ko ya zauna. Zaidu ya zaɓi zama. Daga nan aka riƙa kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har ayoyin Suratul Ahzab suka sauka suka hana jingina ɗa ga wanda ba shi ya haife shi ba, aka koma kiransa da sunan mahaifinsa. Me aka soke? An soke canza nasaba, da gādo da hukuncin aure da ke biyo bayanta. An kori Zaidu daga gidan? An rage masa matsayi? Shi kaɗai ne sahabin da aka ambaci sunansa ƙarara a cikin Alƙur'ani, shi aka ba tutar yaƙin Mu'uta inda ya yi shahada a shekara ta 8 bayan hijira, kuma ɗansa Usama aka naɗa shugaban runduna yana matashi alhali manyan sahabbai na cikinta. Abin da shari'a ta hana shi ne ƙarya a kan asalin yaro. Riƙonsa da ƙaunarsa da tsaya masa kuwa, kafalar maraya na cikin ayyukan da aka fi kwaɗaitar da Musulmi a kansu.

Sannan ga nono. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ko sau ɗaya jariri ya sha nonon mace a cikin shekarun shayarwa, ta zama uwarsa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, babu aure har abada. Shafi'iyya suka ce sai an sha sau biyar, amma kowa ya yarda da asalin hukuncin. Sayyidina Hamza baffan Annabi ne kuma ɗan'uwansa na nono ta wajen Suwaiba, shi ya sa da aka yi masa tayin auren 'yar Hamza ya ce ba ta halatta gare shi ba. Bayan yaƙin Hunaini aka kawo wata mata cikin kamammun Hawazin tana cewa ita 'yar'uwarsa ce, Shaima'u ce ta gidan Halimatus Sa'adiyya, wadda ta yi renonsa a ƙauye shekara hamsin da wani abu da suka wuce. Ya shimfiɗa mata mayafinsa ta zauna, ya yi mata kyauta, ya mayar da ita ga mutanenta cikin girma. Ko ɗigon jini ɗaya bai haɗa su ba. Haka da aka yi hijira zuwa Madina a 622, aka haɗa Muhajirai da Ansaru 'yan'uwantaka biyu-biyu, har Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuma ya gode ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. A farkon lamarin har gādon juna suke ci kafin a mayar da gādo ga dangi. Don haka mai cewa addini ne ya sa shi rubuta cewa jini kaɗai ne dangi, ya nemi wata hujjar, wannan ba ta tsaya masa ba.

Mu leƙa waje kuma mu ga yadda wasu suka ɗauki abin. Duk wanda ya taɓa hawa babur ko mota ƙirar Suzuki ya san sunan, amma mutane nawa suka san cewa mutumin da ya shafe sama da shekara 40 yana jan ragamar kamfanin ba a haife shi Suzuki ba? Sunansa na haihuwa Osamu Matsuda. A 1958 ya auri jikar wanda ya kafa kamfanin, gidan suka ɗauke shi ɗa, ya koma Osamu Suzuki, ya zama shugaba a 1978, shi ya kai kamfanin Indiya ya mamaye kasuwar ƙananan motoci, ya rasu a Disambar 2024 yana da shekara 94. Haka shugaban farko na kamfanin motoci na Toyota da aka kafa a 1937, Risaburo Toyoda, suruki ne da gidan suka mayar ɗa. Japanawa suna kiran irin wannan mutum mukoyoshi, kuma har yau mafi yawan waɗanda ake ɗauka 'ya'ya a Japan manya ne masu gemu, jarirai kaɗan ne a ciki. Wani bincike da masana tattalin arziki huɗu suka buga a 2013 ya nuna kamfanonin gādo da irin waɗannan 'ya'yan ke shugabanta sun fi na hannun 'ya'yan cikin gida samun riba. Dalilin ba boyayye ba ne: ɗan cikinka duk yadda Allah ya ba ka shi haka za ka karɓa, wanda ka ɗauko kuwa ka zaɓa ka darje, kuma shi ɗan gidan da ya san ana iya tsallake shi ba zai kwanta yana jiran gādo ba. Ban ce mu kwaikwayi canza suna ba, na riga na faɗi hukuncinsa a wurinmu. Amma ku dubi kasuwanninmu, shaguna nawa ne suka mutu shekara biyu bayan rasuwar mai su, saboda an kori yaron shagon da ya yi shekara ashirin yana riƙe da littafin bashi, an danƙa wa ɗan da bai san farashin komai ba?

Rumawa ma sun taɓa gwadawa. Daga shekara ta 96 zuwa 180 miladiyya sarakuna biyar suka yi mulki a jere, Nerva da Trajan da Hadrian da Antoninus da Marcus Aurelius, kowane ya hau ne bayan na gabansa ya ɗauke shi ɗa, in ban da na farkon, kuma masana tarihi na lissafa zamanin cikin mafi kwanciyar hankali da daular ta gani. Gaskiya ne huɗun farko ba su bar ɗa namiji ba, dole ce ta sa su. Na biyar da ya samu ɗa na cikinsa ya bar masa sarauta, shi ne Commodus, wanda ya haukace da mulki har fadawansa suka sa aka shaƙe shi a 192. Barewa dai ta yi gudu, ɗanta ya yi rarrafe. A tsibiran Hawai kuwa suna da abin da suke kira hanai, kusan tallafinmu sak, a ba dangi ko aminai jariri su rena, kuma yaron ya tashi ya san gidajen biyu. Sarauniyarsu ta ƙarshe, Liliuokalani, wadda aka tumɓuke a 1893, a hannun Paki da matarsa Konia ta tashi, su ta sani iyaye tun tana jaririya, ba tare da an ɓoye mata waɗanda suka haife ta ba.

Yanzu bari in ba abokan gardamata haƙƙinsu, domin suna da magana, kuma mai nauyi ce. Akwai inda neman jini shi ne adalci. A Ajantina, lokacin mulkin soja na 1976 zuwa 1983, an kashe mata 'yan adawa bayan sun haihu a tsare, aka raba jariransu, kimanin 500, ga jami'an soja da abokansu, aka yi musu takardun haihuwa na ƙarya. Kakannin yaran suka kafa ƙungiya a 1977 suka shiga nema, masana kimiyya suka samar musu hanyar gane jika ta jinin kaka, gwamnati ta kafa ma'ajiyar bayanan jini a 1987, kuma zuwa 2025 sun gano 140. Shugabarsu Estela de Carlotto sai a 2014 ta ga nata jikan, yana da shekara 36. A Koriya ta Kudu yara kusan 200,000 aka tura ƙasashen waje bayan yaƙin da ya tsaya a 1953, kuma a Maris na 2025 hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta tabbatar da cewa an rubuta wasu a matsayin marayu alhali iyayensu na raye. A Ostireliya gwamnati ta yi shekaru tana ƙwace 'ya'yan 'yan asalin ƙasar daga iyayensu, sai a 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa. Duk wanda ya ce wa waɗannan mutane su manta da jini, azzalumi ne.

Amma ku lura da abin da ya haɗa labaran nan uku: sata da ƙarya. An ɗauke yaro ba da yardar nasa ba, an goge sunansa, an ɓoye masa asalinsa. Wannan shi ne ainihin abin da shari'armu ta toshe tun ƙarni na bakwai da ta ce a kira kowa da sunan ubansa. Tsohuwa mai ƙosai da ta tsinci jaririya a bakin masallaci ta kai wa mai unguwa, aka yi cigiya ba a samu kowa ba, ta goya ta, me ta sata? Wace ƙarya ta yi? Haɗa ta da sojan Ajantina a kwando ɗaya rashin tunani ne. Haka kuma gwaggon da ta karɓi 'yar ƙauye da sunan riƙo ta mayar da ita baiwa, 'ya'yanta na makaranta ita tana wanke-wanke, ku rubuta ta, ku tona mata asiri, ina goyon bayanku ɗari bisa ɗari. Laifinta shi ne an ba ta amanar zama uwa ta ƙi zama. Maganin labarinta shi ne a nuna yadda riƙo na gari yake, don mai karatu ya gane bambanci. Kuma kada mu manta, uban da ya haifa da cikinsa ma yana tura ɗan shekara shida wani gari da roba a hannu, ya shekara bai leƙa shi ba. Jinin bai hana shi ba.

Abin da ya sa na ɗauki zafi, maganar ba ta tsaya a takarda ba. Ku je ku zauna inda ake rabon gādo ku gani. Mutum ya riƙi yaro tun yana rarrafe, yaron nan shi ya yi jinyarsa shekara biyar, shi ke ɗaga shi shi ke kwantar da shi, 'yan'uwan jini suna Legas da Abuja sai dai waya. Ran da ya cika, kafin a share makoki sun iso da lissafi, ɗan riƙo kuwa a ce masa ya fara neman inda zai koma, don gidan za a sayar. Kuma ba su karya doka ba, ɗan riƙo da agola ba sa cikin magada. Laifin na mamacin ne. Shari'ar da ta hana su gādo ita ce ta buɗe masa ƙofa biyu: ya yi musu kyauta yana da rai da lafiya su karɓa a hannu, ko ya yi musu wasiyya har zuwa sulusin dukiyarsa, wanda magada ba su da ikon hanawa tunda ba magaji aka yi wa ba. Mutane nawa ne ke yi? Bahaushe na ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne. Ƙasashen Musulmi irin su Maroko sun yi wa kafala doka ta musamman tun 2002, alƙali ne ke danƙa yaro, a rubuta, a riƙa bibiya. Mu kuwa riƙo a baki yake, ran da mai riƙon ya faɗi, yaro ya zama tsintacciyar mage.

A nan ne marubuci ke da aiki, shi da mata da 'yan mata ke karanta shi a ɗaki fiye da yadda suke sauraron kowane mai wa'azi. Maimakon Alhaji mai mota, ina labarin dattijon da ya kira shaidu biyu ya rubuta wa agolansa sulusi, da rigimar da ta biyo baya a gidan? Ina labarin saurayi da budurwa da aka sa ranarsu, sai wata tsohuwa ta tuna ta taɓa shayar da su biyun a shekarar da uwar ɗaya ta yi ciwon nono? Ina labarin matar uban da ta aurar da 'yar kishiyarta da gadonta na ƙarfe da kwallayenta, alhali dangin uwar yarinyar na zarginta? Waɗannan duk suna faruwa a unguwanninmu, kuma kowannensu ya fi tabon bayan kunne tsuma zuciya. In ma dole sai Alhajin ya zo, to ya zo, yarinya tana da haƙƙin sanin ubanta da danginta, ta san wanda zai zama waliyyinta da waɗanda aure ya haramta tsakaninta da su. Amma ku ba ta bakin magana kamar yadda aka ba Zaidu. Ku bar ta ta dubi motar, ta dubi tsohuwar da ke tsaye riƙe da matsamin ƙosai, ta ce wa Alhaji ta gode, za ta riƙa zuwa gaishe shi ranar Juma'a, amma kayanta suna nan inda suke.

Na san wani zai ce masu karatu ba za su saya ba, sun fi son a ƙare a gidan bene. Wa ya gwada ya gani? Cikin masu sayen littattafan nan da masu bin su a waya, ku ƙirga waɗanda kaka ta rena, da waɗanda suka tashi gidan kawu, da waɗanda uwarsu ta shigo da su gidan wani mijin suna shekara uku. Ba kaɗan ba ne, kuma har yau ba a rubuta musu littafin da zai ce wanda ya rene su uba ne ba tare da an ƙara "amma" a gaba ba. Wanda ke da martani ya rubuto, filin a buɗe yake, sai dai ina roƙon ya zo da sunan littafi ko guda ɗaya da ɗan riƙo ya ga iyayensa masu kuɗi ya zaɓi zama inda ya tashi, in je kasuwa in saya da kuɗina.